Wai wa ke biyan kuɗin littattafan batsar nan?

Kwana biyun nan duk inda ka leƙa a Facebook marubutan onlayin ake tsine wa. Wani zai ɗauko hoton shafi guda na littafi ya saka, a taru a ƙasa ana ta innalillahi, ana kiran Hisbah da Hukumar Tace Finafinai ta Kano su zo su yi kame. Na yarda abin da ake rubutawa a wasu littattafan ƙazanta ce tsagwaronta, ba na son 'yata ta gani. Amma jama'a, wa ke tura kuɗin?

Ai ba sadaka ake rabawa ba. Marubuciya za ta saki shafukan farko kyauta a WhatsApp ko Wattpad, daidai inda ango ya turo ƙofar ɗaki sai ta tsaya cak, ta ajiye lambar asusu. Ka biya, ka tura shaida, a saka ka a guruf. To malam, kai da ka ɗauko mana hoton shafi na 60, ta ina ka bi ka kai can? Kuma a daina ɗora wa 'yan mata su kaɗai. Akwai matan aure, akwai magidanta masu furfura a gemu, a ofis ma muna ganin masu kifa waya da sauri idan an shigo.

Abin da mutane ba su lura da shi ba, a wannan tsarin mai karatu shi ne edita. Ana rubuta labarin ne kullum a waya, a saki, a jira sharhi. Ranar da ta yi shafi a kan rikicin gado ko wahalar jinya, guruf ya yi tsit, wata ma ta ce yau shafin ba armashi. Ranar da aka shiga ɗakin kwana kuwa, sharhi kamar ruwan Agusta, har da masu tura kyautar kati. Yarinyar da ke neman kuɗin makaranta ko na sabulu, me kuke tsammanin za ta ƙara gobe?

Ni abin da ya fi ci mini rai ma shi ne rubutun kansa. Ba a bambance ƙasa da kasa, ko ɗaki da daki. Kalmomi uku a manne wuri guda, rabin jimla Turanci, shi ma gurgu. Jarumi kullum ɗan gidan wanda ya fi kowa kuɗi a Afirka, miskili, ga jirginsa na kansa. Wadda aka ce ta rasu a tsakiyar labari sai ka gan ta tana rabon goro a wajen biki. Labarin da zai ƙare a shafi 40 a ja shi har 150, saboda kowane ƙari kuɗi ne. Ban taɓa ganin masu ihun tarbiyya sun yi ƙorafi a kan wannan ba.

Masu cewa a hana, an fa gwada. Tun shekarun 1990 ake wannan faɗan, lokacin da aka laƙaba wa littattafan soyayya sunan Adabin Kasuwar Kano, Ibrahim Malumfashi na suka, Abdalla Uba Adamu na karewa. A 2007, zamanin Malam Shekarau, har ƙona littattafai aka yi a Kano, daga baya hukumar tacewa ƙarƙashin Abubakar Rabo ta ce marubuta su yi rajista. Yau ina labarin? Littafin da a da uwa za ta iya tsinta a ƙarƙashin katifa ya koma cikin waya mai lambar sirri, marubucin ma sunan aro yake amfani da shi.

Kuma kada wani ya ce laifin buga littafi da kai ne. Daga wannan kasuwar aka samu In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda aka fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Gasar Hikayata ta BBC Hausa tun 2016 take nuna mana cewa akwai mata masu alƙalami na gaske. Amma me muke yi musu? Wadda ta zauna ta yi bincike, ta biya mai gyara daga aljihunta, kafin sati ya zagayo an fitar da littafinta ana yawo da shi kyauta a guruf-guruf, wani kuma ya karanta a YouTube ba izini yana karɓar kuɗin talla. Masu turawar nan ba sa ganin sun yi sata, wasunsu ma su ne kan gaba wajen wa'azi a ƙasan hotunan nan.

Don haka kafin ka sake rubuta mini "Allah ya shirya" a nan ƙasa, don Allah faɗa mini sunan littafin Hausa na ƙarshe da ka saya da kuɗinka, da sunan wanda ya rubuta shi.