Mako Shida da Tsohuwar Jita: Yatsu Sun Yi Kanta, Kawu Ya Kafa Sharaɗi

Yau dai mu ɗan huta da maganar WAEC da JAMB, mu ba ku labarin wani aiki da muka jajibo wa kanmu tun shigowar hunturu.

A gidan kawunmu da ke Nassarawa GRA muke zaune, daga nan muke zuwa BUK. Wata Asabar aka sa mu share sito, sai muka ci karo da tsohuwar jita cikin ƙura, ta wani yayanmu da ya tafi karatu waje ya bar ta. Tsirkiya huɗu ta rage cikin shida. Ba mu taɓa riƙe abin kiɗa ba, in ban da bugun benci da kowa ya yi a aji. Muka hau adaidaita sahu zuwa Sabon Gari, wajen masu sayar da kayan kiɗa, muka sayo sababbin tsirkiyoyi. Ta farko da muka ɗaura tsinkewa ta yi, don mun yi ta murɗa kunnenta ba mu san inda ake tsayawa ba.

Nan muka gane cewa saiti shi ne darasi na ɗaya. Daga mai kaurin da ke sama zuwa siririyar ƙasa, sunayen tsirkiyoyin su ne E, A, D, G, B, E. Akwai manhajojin waya na kyauta da ke sauraron amon kowacce su nuna maka ko ka ƙara murɗawa ko ka sassauta. A yi haka duk lokacin da aka ɗauki jita, musamman yanzu da bushewar iska ke sa katako motsi. Kada kuma a bar ta a rana ko cikin mota, tana iya tsagewa.

Abin da ba wanda ya faɗa mana shi ne ciwo. Hannun hagu ne ke danne tsirkiya a wuyan jita, kuma tsirkiyar ƙarfe ba ta da tausayi. A kwana ukun farko kan yatsunmu ya yi ja, ga layin waya ya fito raɗau, har riƙe biro a lacca ya zama aiki. Amon da ke fita kuwa, wata ƙanwarmu ta ce kamar akuya ta maƙale a danga. A nan mutane da yawa ke jingine jitar su ce ba su da baiwa, alhali fata ce kawai ba ta yi kanta ba. Wajen mako na uku kan yatsun ya yi tauri, zafin ya ragu sosai. Minti 15 kullum ya fi awa uku ranar Lahadi, domin mun gwada na biyun, mun kwana biyu ba mu iya taɓa tsirkiya ba. Yanke farcen hagu dole ne. Sannan a danna da kan yatsa dab da bayan ƙarfen da ya gitta wuyan, ba a kansa ba. Idan an yi haka ba sai an matsa da ƙarfi ba.

Haɗin sauti na farko da muka iya shi ne Em, don yatsa biyu kawai yake buƙata, a gida na biyu na tsirkiyar A da ta D. Daga nan G, C da D. Riƙe kowanne ba shi ne wahalar ba, sauyawa daga wannan zuwa wancan ba tare da kiɗan ya tsaya ba ita ce.

Ana cikin haka Kawu ya ji. Ya leƙo ɗaki bayan La'asar, ya dube mu, ya dubi jitar, ya ce, “Kai, jami'a aka tura ka ko roƙo?” Mun san inda maganar ta dosa. A ƙasar Hausa kiɗa sana'a ce ta gado, ana haɗa makaɗi da maroƙi, kuma akwai malamai da dama da ba su yarda da kayan kiɗa masu tsirkiya ba. Muka durƙusa muka ce, “Kawu, ka yi haƙuri, da mun fara neman izininka.” Ya yi shiru, sannan ya kafa sharaɗi: babu kiɗa lokacin sallah, babu bayan Isha'i, kuma in sakamakon wannan zangon ya yi ƙasa, jita ta koma sito. Ku ma, ku nemi izini kafin ku fara. In an ce a'a, to a'a ce, ba abin da za a yi ta ɓoye-ɓoye a kansa ba ne.

Wasu za su ce kuɗin saye ne matsalar. Ku duba Mdou Moctar, ɗan Abzinawan Nijar. Jitarsa ta farko da kansa ya harhaɗa ta da katako da wayar birkin keke. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato aka naɗe shi a 2008, waƙoƙinsa suka yi ta yawo daga waya zuwa waya, yau kuma har Amurka da Turai yake zuwa wasa. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, kuntiginsa tsirkiya ɗaya ce tal, da ita duniya ta san shi. Wannan ne ya ba mu dabara: kafin haɗin sauti, muka riƙa bin karin waƙar da muka sani a kan tsirkiya ɗaya, muna lalube da kunne har ya fito. Ranar da Inna ta gane waƙar daga kicin ba tare da mun faɗa mata ba, ba mu iya ɓoye murmushi ba. In za ku ari jita ko ku sayi ta hannu, ku duba tazarar da ke tsakanin tsirkiya da wuya. In ta yi nisa da yawa za ta wahalar da ku a banza. Mai tsirkiyar roba kuma ta fi sauƙi ga ɗan koyo.

'Yan ajin kimiyya, ga naku. Abin da ake koya muku a Fiziks kan sauti yana nan cikin jita. Tsirkiyar A tana karkarwa sau 110 a daƙiƙa. Ƙarfe na 12 yana daidai tsakiyar tsawonta, in ka danna a nan ka raba ta biyu, karkarwar ta koma 220. Gajarta, siranta da ɗamewa duk suna ƙara tsinin amo. Mun haddace wannan a SS2 don cin jarrabawa, sai yanzu muka ji shi da kunnenmu.

Inda muka maƙale yanzu shi ne F, wanda ake shimfiɗa manuniya ta danne tsirkiya shida gaba ɗaya. Kwana tara ke nan, uku ne kawai ke fitar da amo. Jarrabawa kuma saura mako biyar, kuma jiya da daddare Kawu ya tambaye mu ranar da za a fara.