Ra'ayinmu: A Kai Mu Mu Ga Birnin Kano da Idonmu

Da aka tambayi 'yan ajinmu wa ya taɓa hawa Dutsen Dala, hannayen da aka ɗaga ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Abin kunya ne. Daga garinmu zuwa birni tafiyar safiya ce kawai a mota. Iyayenmu na kai gero da wake da riɗi kasuwar Dawanau su juyo a ranar. Kakanninmu ma da jakuna suke kai itace birni, su dawo da taki don gonakin da muke ci a yau. Amma mu, a allo kaɗai muka san Kano.

Mun haddace cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ganuwa. Mun haddace cewa Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, shi ya gina gidan sarautar da ake kira Gidan Rumfa, ya kuma kafa Kasuwar Kurmi. Muna rubuta waɗannan a jarrabawa, mu ci maki, mu manta. Da a ce mun tsaya gindin badala mun ga kaurinta, da ba za mu manta ba. Gani ya kori ji.

A 1851 wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya ratso hamada har ya iso Kano, ya hau Dala, ya rubuta abin da ya gani. Shi bai ga nisa ba, sai mu?

Rana ɗaya ta isa. A fara da Dala da sassafe, inda Barbushe ya zauna, a hangi gari gaba ɗaya. A sauko Kurmi. A wuce Gidan Makama, wanda yanzu gidan adana kayan tarihi ne. A ga ƙofar fada, a yi azahar a babban masallacin Juma'a da aka sake ginawa zamanin Sarki Abdullahi Bayero. A ƙarasa da marinar Ƙofar Mata, a ga yadda ake rini da baba da toka.

Akwai dalilin gaggawa. Ruwan sama na zaizaye ganuwa, mutane na ɗibar ƙasarta, wasu na gini a kanta. A wurare da yawa sai an nuna maka ka san ta taɓa tsayawa. Abin da muka samu yau, ƙannenmu ba lallai su same shi ba.

Mun san za a ce babu kuɗin mota. Ga shawararmu: kaka ta kusa, kowane ɗalibi ya kawo tiya ɗaya ta gero ko gyaɗa, a sayar ranar kasuwa. Ƙungiyar iyaye da malamai ta cike giɓin. A tafi da maza da mata, tare da malamai masu rakiya, don hankalin iyaye ya kwanta.

Ranka ya daɗe shugaban makaranta, da malamanmu na tarihi, ku duba wannan roƙo. Mu kuma mun yi alkawari: duk wanda ya je sai ya rubuta abin da ya gani, a manna a wannan bango.

Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta