RA'AYINMU: Aron makulli daban, mallakar shago daban

Duk wanda ya san kasuwar Gure shekaru 20 da suka wuce zai tuna cewa dukiyar ɗan kasuwa ba ta wuce wurare uku: lalitarsa, littafin bashinsa da kuma rumbun ajiyarsa. Ita ko mai sayar da dabino ko kanwa, jarinta yana ƙulle a bakin zane. Yau waɗannan duka sun tattara sun koma cikin wayar salula. A cikinta ake jin farashin buhun hatsi a Damagaram, a cikinta ake karɓar saƙon kuɗi ta Nita ko Amana ko Airtel Money ko Moov Money, a cikinta kuma sunayen masu bashi da lambobin dillalai suke. Babu mai musun amfanin da aka samu. Wani bincike da wata masaniyar tattalin arziki ƴar Amurka, Jenny Aker, ta wallafa a 2010 ya nuna cewa tsakanin 2001 da 2006 shigowar salula ta rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwannin Nijar da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. To amma tunda waya ta zama lalita, wajibi ne mu tambayi kanmu: makullin lalitar nan a hannun wa yake?

Tambayar ta fi shafar waɗanda kasuwancinsu ya fara bunƙasa. A ce Alhaji yana da kanti a Gure, yana da wani a Gidigir, yana da yaro mai saya masa dabbobi a kasuwar Subdu, shi kuma yana Kano ko Maraɗi wajen saro kaya. Kowane yaro da waya a hannunsa, wani kantin ma har da kwamfutar lissafi. In abu ya lalace, ƙwararren mai gyara sau da yawa yana Damagaram, tafiyar kimanin kilomita 170, ko ma Yamai, fiye da kilomita 1,000. Saboda haka ne masu gyara da ƴan boko na cikin gida kan ba irin wannan ɗan kasuwa shawarar ya sa manhajar da za ta ba shi damar kula da na'urorinsa yana zaune a nesa. Abin da ba a cika bayyana masa ba shi ne, manhajojin iri biyu ne, aikinsu daban, haɗarinsu ma daban. Wanda ya ɗauki wannan a madadin waccan, yana iya biyan kuɗinsa ya sayo wa kansa ɓarawo.

Iri na farko shi ne manhajar shiga daga nesa. Sanannu a cikinta su ne TeamViewer, wadda aka fara a Jamus a 2005, da AnyDesk, ita ma ta Jamus, wadda ta fito a 2014. Yadda suke aiki mai sauƙi ne. In ka sa manhajar a wayarka ko kwamfutarka, za ta nuna maka wata lamba. Ka karanta wa wani lambar, ya rubuta ta a tasa na'urar, kai kuma ka danna ka amince. Daga nan duk abin da ke fuskar wayarka yana ganinsa kamar yana tsaye a bayanka, kuma in ka ba shi cikakken izini, zai iya buɗewa da dannawa da gogewa kamar wayar tana hannunsa. A taƙaice, ka ara masa makullin shagonka ne ya shiga ciki.

Wannan yana da ranarsa. In kwamfutar lissafin kanti ta ƙi aiki ranar kasuwa, mai gyara zai iya shiga daga Damagaram ya daidaita ta cikin mintoci, ba kuɗin mota, ba rufe shago kwana biyu. Sai dai wanda ya shiga shago don ya gyara ƙofa, idonsa yana ganin akwatin kuɗi. Idan saƙon lambar tabbatarwa ya shigo daga banki ko kamfanin aika kuɗi alhali yana ciki, ya riga ka karantawa. In ka buɗe asusunka ka danna lambar sirri, yana iya lura da ita. Ba tatsuniya ba ce. A watan Fabrairun 2019 Babban Bankin Indiya ya gargaɗi bankunan ƙasar cewa ƴan damfara suna yaudarar mutane su sa AnyDesk, su karɓi lambar, sannan su kwashe abin da ke asusu. Manhajar halastacciya ce, ba ita ta yi sata ba. Mai wayar ne ya buɗe ƙofa da hannunsa saboda wani ya kira shi da daɗin baki yana cewa daga kamfani yake.

Iri na biyu shi ne manhajar kula da na'urori. Ita ba leƙen fuskar waya ne aikinta ba. Aikinta ta tabbatar cewa wayar kasuwanci tana ƙarƙashin ikon mai kasuwancin ko da tana aljihun wani. Ana rajistar wayar tun tana sabuwa ko bayan an wanke ta, sannan mai ita ya tsara abin da za a iya sawa da abin da ba za a iya ba. Yana iya hana a sa kowace manhaja in ba wadda ya yarda da ita ba, ya tilasta a sa lambar kulle, ya ga inda wayar take, ya kulle ta in ta ɓace, ya goge abin da ke ciki in ya fid da rai. Manyan kamfanoni suna amfani da irin su Intune na Microsoft ko Knox na Samsung, kuma ana biyansu ne bisa yawan ma'aikata ko yawan na'urori. Waɗanda ke zuwa Najeriya sun ga ɗan'uwan wannan tsari a wayoyin da kamfanoni irin su M-KOPA ke sayarwa bashi: in mutum bai biya ba, wayar ta kulle kanta har sai ya biya. Akwai kuma ƙaramin nau'insa kyauta a wayoyin Android masu asusun Google, wanda aka sani da Find My Device, aka sake masa suna Find Hub a 2025. Da shi mai waya zai iya ganin inda take, ya sa ta ƙara, ya kulle ta ko ya goge ta daga wata wayar.

Mu a wannan jarida ra'ayinmu a fili yake. Ɗan kasuwar Gure ya fara da mallaka kafin ya yi tunanin aro. Wato ya fara tabbatar da ikonsa a kan wayoyin kasuwancinsa, ya bar shiga daga nesa ta zama abin lalura, wanda ake yi sau ɗaya don wata buƙata a rufe.

Dalilinmu na farko shi ne irin asarar da ta fi samun mutanenmu. Ba lalacewar kwamfuta ce ke karya ɗan kasuwa ba. Abin da ke karya shi shi ne waya ta faɗi a cunkoson kasuwa ko cikin motar haya, ko yaron shago ya yi fushi ya tafi da ita, da lambobin abokan ciniki da lissafin bashin shekara guda a ciki. Manhajar shiga daga nesa ba ta da maganin wannan, domin a mafi yawan lokuta sai wanda wayar ke hannunsa ya amince kafin a shiga. Amma in layin da asusun Google ɗin da sunan maigida aka buɗe su, kuma shi kaɗai ya san lambar sirrinsu, yana iya kulle wayar tun kafin a kai ta wajen masu sayen tsofaffi.

Dalili na biyu shi ne rezo. Shiga daga nesa tana buƙatar intanet mai ƙarfi wanda ba ya yankewa a ɓangarorin biyu, tana kuma cin kuɗin intanet sosai domin hoto ne ke tafiya ba tsayawa. Kowa ya san halin rezo da zarar an bar bakin kwalta aka nufi ƙauyukan kwari inda dabino da kanwa ke fitowa. Umarnin kulle waya kuwa ɗan gajeren saƙo ne. Ko wayar ba ta kan intanet a lokacin, yana jira har ta hau ya cika aikinsa.

Dalili na uku kuɗi ne. Mutane da yawa sun ɗauka TeamViewer da AnyDesk kyauta ne. Kyautar ta mai amfani da su don kansa ce ko don taimakon ɗan'uwa. Don kasuwanci, ƙa'idar kamfanonin ita ce a sayi lasisi. Kuma mai wayoyi biyu ko uku ba ya ma buƙatar sayen babbar manhajar kula da na'urori. Abin da ke cikin wayar kyauta ya ishe shi in ya tsara shi da kyau. Sai wanda wayoyinsa suka yi yawa, irin mai shagunan aika kuɗi a garuruwa da dama ko ƙungiyar manoma mai wakilai a ƙauyuka, shi ne ya kamata ya zauna ya yi lissafin ta biya.

Ba mu ce tsarin kula da na'urori ba shi da nasa haɗarin ba. Duk inda aka tara makullai a ƙugiya ɗaya, can ɓarawo zai nufa. A watan Yulin 2021 wasu ƴan fashin intanet suka kutsa ta manhajar kamfanin Kaseya na Amurka, wadda masu gyara ke amfani da ita wajen kula da kwamfutocin abokan cinikinsu daga nesa. Sakamakon haka, kamfanin kantuna na Coop a ƙasar Suwidin ya rufe shaguna kusan 800 saboda na'urorin karɓar kuɗinsa sun tsaya. AnyDesk ma ya sanar a Fabrairun 2024 cewa an kutsa cikin na'urorinsa, TeamViewer kuma ya sanar da makamancin haka a cibiyar aikinsa ta cikin gida a watan Yunin shekarar. In har masu wannan ƙarfi za a iya taɓa su, darasin da ke ciki gare mu shi ne kada kasuwanci ya rataya ga na'ura kaɗai. Littafin bashi na takarda bai tsufa ba. Kuma asusun da ke riƙe da ikon dukkan wayoyin, kada a bar mai gyara ya buɗe shi da sunansa ko lambarsa. Ya buɗe a gaban maigida, maigida ya sa lambar sirri da hannunsa.

Akwai kuma hakkin yaran shago, wanda bai kamata a manta ba. Iko a kan wayar kanti hakkin mai kanti ne. Amma wayar da yaro ya saya da guminsa, wadda yake magana da iyalinsa da ita, ba ta cikin jari. Sa mata manhajar leƙe a ɓoye cin amana ne, addini ya hana bin diddigin sirrin mutane, kuma ƙasarmu tana da dokar kare bayanan mutum tun 2017 da dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2019. Hanyar da ta dace ita ce maigida ya sayi wayar aiki daban, ya gaya wa yaro gaskiya cewa yana iya ganin inda take kuma yana iya kulle ta. Yaron kirki ba zai ƙi ba, domin tsarin yana wanke shi daga zargi ranar da wayar ta ɓace.

Ga iyayenmu mata na kasuwa, waɗanda da yawansu ƙaramar waya mai madannai suke riƙewa, waɗannan manhajoji ba sa shiga irin wayarsu, amma maganar ta shafe su. Uwar adashi da ke karɓar zubi ta waya tana riƙe da amanar mata 20 ko 30. Ta tabbatar layin da sunanta aka yi rajistarsa, ba da na ɗa ko maƙwabci ba. Lambar sirri kuwa ba a karanta wa mai caji, ba a faɗa wa mai kira ko da ya rantse daga kamfani yake. In ɗanta ya saya mata babbar waya, kada ta yarda kowa ya sa mata wani abu bisa umarnin baƙon murya. Ba a ba kura ajiyar nama.

In kuma lalura ta sa dole a yi shiga daga nesa, a kiyaye abu huɗu. Kai ne za ka kira mai gyaran da ka sani ido da ido, ba shi zai kira ka ba. Kada a yi shi a wayar da kuɗi ke ciki. Ka tsaya kana kallon abin da yake yi har ya gama. In ya gama, ka cire manhajar, kada kuma ka yarda a saita ta yadda zai riƙa shiga ba tare da amincewarka ba.

Daga ƙarshe muna kira ga kamfanonin sadarwa da na aika kuɗi su riƙa aiko gargaɗinsu da Hausa da Kanuri, a rubuce da kuma ta murya a gidajen rediyon karkara. Tun watan Maris na 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, don haka babu hujjar a ci gaba da gargaɗin mai sayar da kuka da daddawa cikin Faransanci. Muna kira ga shugabannin ƴan kasuwa na Gure su ware rana su gayyato matasan garin masu ilimin na'ura, su zauna da mutane su nuna masu yadda ake kulle waya da yadda ake nemanta in ta ɓace. Su kuma masu gyara su ji tsoron Allah, su bayyana wa mai waya abin da suke sa masa da abin da zai iya yi. Ɗan kasuwar da ba zai ba baƙo makullin rumbunsa ba, bai kamata ya karanta masa lambar shiga wayarsa ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya tsare mana dukiyarmu, Ya sa albarka a nemanmu, amin.