Zafin Ɗakin Ɗinki: Laifin Rana Ne Ko Na Rufi?

Zan yi magana a kan wani abu da na gani da idona a Fagge. Duk wanda ya san Kano ya san Fagge unguwar maɗinka ce, ga ta kuwa dab da Kantin Kwari inda ake sayen yadi. Kawuna yana ɗaya daga cikinsu, a shagonsa na yi wayo.

A shekarar 2024 azumi ya faɗo cikin Maris da Afrilu, watau tsakiyar bazara, lokacin da zafin Kano yakan kai digiri 40 har ya wuce. A farkon Afrilun nan ne ma aka auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. To, lokacin ne kuma maɗinka ba su barci saboda ɗinkin Salla. Ran nan bayan azahar ina zaune a shagon, sai wani yaro mai koyon aiki ya sulale daga kan keke ya faɗi. Muka fitar da shi inuwa, muka yayyafa masa ruwa, sa'an nan ya farfaɗo. Na ce, "Kawu, ɗakin nan zai yi kisa." Ya ce, "Ɗan nan, rana ta Allah ce, wa ya isa ya hana ta?"

Gaskiya ne rana ta Allah ce, amma rufin ɗaki namu ne. Abin da nake so in tabbatar ke nan: yawancin zafin ɗakin ɗinki daga sama yake saukowa, saboda haka wanda ya sayi fanka bai gyara rufi ba ya fara daga ƙarshe.

Ku duba yadda kakanninmu suka yi gini. Bango na tubali mai kauri, rufin soro na azara da ƙasa, tagogi ƙanana can sama. Ƙasa ba ta saurin ɗaukar zafi, kafin ya ratsa ta rana ta yi sanyi. Wanda ke shakka ya shiga Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa da tsakar rana, gani ya kori ji. Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari, kwano ya yawaita, har ya zama alamar arziki. Ba na musun amfaninsa, domin ba ya bukatar yaɓe kowace shekara kamar soro. Amma ƙarfe ne mara kauri, yana ɗaukar zafin rana nan da nan ya juye shi a kan wanda ke ƙarƙashinsa. Ka haɗa wannan da mutum biyar ko shida a ɗaki guda, da dutsen guga cike da garwashi, da ƙofa ɗaya tak, ai ka gina tanda.

Ga abin da na ga ya kamata. Da fari a shafe bayan kwanon da farar ƙasa ko farin fenti, domin fari yana mayar da hasken rana, baƙi da tsatsa kuwa shanye shi suke yi. Ba tatsuniya ba ce. A birnin Ahmedabad na ƙasar Indiya zafi ya kashe mutum fiye da 1,000 a 2010, sai hukumarsu ta tsara shirin yaƙi da zafi a 2013, daga baya ta shiga shafe rufin gidajen talakawa da fari. Na biyu, a sa silin, ko da na zana ko tabarmar kaba ne, a bar fili tsakaninsa da kwano. Na uku, a huda taga a bangon da ke duban ƙofa, da wata ƙaramar kafa kusa da rufi, gama iska mai zafi sama take hawa, in ta sami hanya ta fita. Na huɗu, a fitar da guga waje ƙarƙashin rumfa. Na biyar, a rataya jiƙaƙƙen buhu a taga. Yadda randa ke sanyaya ruwa, haka shi ma zai sanyaya iska, amma sai cikin Maris da Afrilu sa'ad da iska ke bushe; in damina ta gabato amfaninsa ya ragu. In da fili, a dasa darbejiya ta yamma da shago.

Na san abin da za a ce mini. Wani zai ce maɗinki haya yake yi, yaya zai kashe kuɗinsa a ginin wani? Amsata ita ce, ya lissafa abin da yake kashewa wajen man janareta don juya fanka, wadda in ɗaki ya yi zafi ƙwarai iska mai zafi kaɗai take kaɗawa, da shaddar mutane da gumi ke ɓatawa, sa'an nan ya je wa mai shago da shawarar su raba. Wani zai ce ƙurar hunturu za ta dusashe farin. Haka ne, sai a sake shafawa kowace shekara kafin bazara, ba a fafe gora ranar tafiya. Mai tsoron ɓarawo kuwa ya sa wa tagar ƙarfe.

Me ya sa na kawo maganar nan gare mu, mu da ba maɗinka ba? Domin azuzuwan da za a tura mu koyarwa irin wannan rufi gare su, 'ya'yan maɗinkan nan kuma su ne almajiranmu. Kowannenmu ya sami gwangwani biyu, ya shafa wa ɗaya fari ɗaya baƙi, ya cika su da ruwa, ya ajiye a rana, bayan sa'a guda ya sa yara su tsoma yatsa. Yaron da ya ji bambancin da hannunsa zai kai labari gida.

Kawuna dai ya yarda ya fitar da guga waje, ya kuma sa silin na zana. Maganar fenti muna nan muna ja. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.