Gasar tabar wiwi: akwai gurbin makin da alƙalan suka bari babu komai

'Yan uwana ɗalibai, musamman ƙannenmu 'yan aji ɗaya da aji biyu, akwai wata hujja da ta fara yawo a ɗakunan kwana da majalisun Mairi, kuma ta ishe ni. Yaro zai nuna maka bidiyo a waya ya ce: "Yaya, dubi, a Turai har gasar wiwi ake yi, da alƙalai da kofi. Mu ne kawai a baya." To bari mu buɗe takardar makin gasar nan mu karanta tare.

Gasar gaskiya ce. Mujallar High Times ta Amurka ta fara Cannabis Cup a Amsterdam a 1988, akwai kuma Emerald Cup a Kaliforniya. Manomi ko kamfani ya biya kuɗin shiga ya kawo hajarsa. A gasar da ta fi tsari, ana ɓoye sunan mai kaya a sa lamba. Alƙali ya ba da maki a kan kamannin ganyen, ƙamshi, ɗanɗano, yadda yake ci da wuta, da irin buguwar da yake sa wa. Ana kuma kai samfuri ɗakin gwaji a auna THC, sinadarin da ke juya kai, da CBD, a duba ko akwai maganin ƙwari ko rima.

Tsari kamar na gaske, ko? Amma duk wanda ya taɓa tsayawa kare kundin bincike ya san abu ɗaya: wanda ya tsara takardar maki shi ya riga ya yanke abin da za a kira nasara. Shi ya sa a digiri na biyu ake ɗauko malami daga wata jami'a, wanda ba shi da riba ko ka ci ko ka faɗi. A gasar wiwi wa ye malamin waje? Mai shiryawa ɗan harkar ne, mai shiga ɗan kasuwa ne, alƙali mashayi ne. A Amsterdam a da, duk wanda ya sayi katin alƙalanci yana da ƙuri'a. A 2020 High Times ta fito da tsarin da kowa zai sayi kunshin samfura ya ba da maki ta intanet. Kura ce alƙali a shari'ar akuya.

Sannan ku tambayi kanku: mutumin da ya sha samfuri na uku, da wane kai zai auna na goma? Wace jarrabawa ce a duniya mai gyaran takarda ke buguwa kafin ya ba da maki?

Babban abin ma shi ne gurbin da babu shi. Babu makin lafiyar ƙwaƙwalwar mashayi bayan shekara biyu. Babu makin karatun da ya lalace. Babu makin kukan uwa. Ganyen ake aunawa, ba mutumin ba.

Masu bincike kuwa sun cike wannan gurbi. A Amurka, matsakaicin THC a wiwin da hukuma ta kama ya tashi daga kusan kashi 4 cikin ɗari a 1995 zuwa kusan kashi 12 a 2014. A 2019 mujallar Lancet Psychiatry ta buga binciken Marta Di Forti da abokan aikinta: masu shan wiwi mai ƙarfi kullum, wato wadda THC ɗinta ya kai kashi 10 zuwa sama, haɗarin taɓin hankalinsu ya ninka na wanda bai taɓa sha ba kusan sau biyar. Sun kuma ƙiyasta cewa a Amsterdam, garin da aka haifi kofin, kusan rabin sabbin masu wannan ciwo suna da alaƙa da irin wannan wiwi. Wannan ba ya cikin bidiyon da ake tura maka.

Na san me wasu za su rubuta a ƙasa: "Ai magani ce." Ƙwarai, a 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Epidiolex, maganin wasu nau'o'in farfaɗiya da aka yi da CBD. Amma ta ina ya bi? Ta gwajin asibiti, da likitoci, da awon da aka ƙayyade. Ba kofi ya ci ba. Kada a haɗa mana asibiti da dandali.

Yanzu mu dawo gida. Ko a Kaliforniya da Kolorado, sai ka kai shekara 21 doka za ta bari a sayar maka don nishaɗi, kuma kayan shago sai sun bi ta gwaji. Ƙanenmu mai shekara 18 da ke sayen ƙulli a lungu fa? Wa ya gwada masa? Ana kiran abin "Loud", "Arizona", "Colos", sunaye masu ƙamshin ƙasar waje, alhali abin da ake kira Colos sau da yawa ganye ne da aka fesa wa sinadaran haɗi. Abin da kake sha, ko ƙofar gasar da kake yabo ba zai shiga ba. Kuma a Najeriya laifi ne, NDLEA ba ta san wani kofi ba. Shugabanta Buba Marwa ya yi gwamnan soja a nan Borno daga 1990 zuwa 1992, ba baƙon garin nan ba ne.

Binciken shaye-shaye na ƙasa na 2018, wanda UNODC ta tallafa, ya ce mutum miliyan 14.3 ne suka sha ƙwaya a shekarar da ta gabace shi, miliyan 10.6 daga ciki wiwi ce. Ga mu a Maiduguri, garin da ya sha wuta tun 2009. Da yawanmu mun taso da ƙarar harbi, wasu sun binne iyaye, wasu barci ma gagararsu yake. Irin wannan kan ne ake tallata wa "a sha a manta". Wallahi wannan zalunci ne.

Ba cewa nake a tsani mai sha ba. Abokin ɗakinka da ya daina zuwa lacca, yake magana shi kaɗai, yake zargin kowa, ba abin dariya ba ne, ba kuma abin ɗauka a waya ba ne. Ka zauna da shi, ka sanar da babba a gidansu, a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke hanyar Baga tun abin bai yi nisa ba.

In an sake nuna maka bidiyon kofi, tambaya ɗaya za ka yi: maki nawa aka ware wa mai shan? Ka jira amsa.

Allah Ya tsare mana hankulanmu, Ya shirya mana ƙannenmu. Mai ja, ga fili nan, amma ya zo da hujja.