Idan Loma Tana Tsayawa a Ƙirji, a Daina Cewa Olsa Ce

A Dutse, duk ciwon da ya faɗo tsakanin wuya da cibiya sunansa olsa. Ni mai sayar da magani ne, na daɗe a bayan kanta, kuma cikin abin da na fi miƙa wa mutane akwai omefirazol da farin maganin ruwan nan na ƙwarnafi. Mutum zai taso daga Kiyawa ko Jahun, ko ya biyo bayan ya ci kasuwar Shuwarin, ya riga ya yanke wa kansa hukunci tun daga gida: "Likita, a ba ni na olsa." Da yawansu ba gyambon ciki gare su ba. Ruwan tsamin ciki ne yake tasowa ya ƙona hanyar abinci, saboda ƙofar da ke tsakaninta da tumbi ta yi sako-sako. Alamarsa sananniya ce: zafi a ƙirji bayan an cika ciki da maiƙo ko yaji, gyatsa mai tsami, kuma ya fi tsananta idan an kwanta da ƙoshi. Mai ƙiba da mai juna biyu da mai shan taba sun fi fama da shi. Irin waɗannan, magani da rage cin dare suna yi musu aiki.

Waɗanda suke hana ni barci daban ne. Akwai wani magidanci da bai kai arba'in ba, mai fama da asma tun yana yaro, wanda na lura da cin abincinsa a wajen mai tsire. Kafin ya taɓa nama sai ya ajiye ledar ruwa biyu a gabansa. Ya sa a yayyanka masa ƙanana, ya tauna loma har abokansa sun kusa cinye nasu, sannan ya kora da ruwa. Can sai ya yi tsit, ya dafe ƙirji, ya miƙe ya zaga bayan rumfa. Da ya zo sayen maganinsa na tambaye shi, "Malam, abinci yana tsaya maka ne?" Ya ce, "Ai ni tun ina saurayi haka nake ci, Likita. Burodi ma sai na tsoma a shayi." Bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin ciwo ba, don haka bai taɓa faɗa wa kowa ba, kuma babu wanda ya tambaye shi.

Kama da wane ba ta wane. Akwai cutar da take shigowa da rigar ƙwarnafi alhali tushenta borin jiki ne ga wani abinci. Wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira iyosinofil suna taruwa a bangon hanyar abinci, su kumbura shi, a hankali ya yi tabo ya ƙanƙance. Sai a 1993 da 1994 aka tabbatar cuta ce mai zaman kanta, ta hanyar rubuce-rubucen likita Stephen Attwood da abokan aikinsa, da likita Alex Straumann na ƙasar Suwizalan. Ta fi kama maza, wajen ninki uku na mata, galibi matasa da magidanta, kuma sau da yawa masu asma, ko yawan atishawa, ko ƙaiƙayin fata. A babban mutum, alamarta ta farko wahalar haɗiye abu mai tauri ce, da tsayawar loma.

Tarkon da ya fi kama mu a kemis shi ne: ka ba mutum omefirazol, ya dawo yana godiya, ku duka ku ce lallai ruwan tsami ne. Wannan ba hujja ba ce. Kusan rabin masu wannan cuta su ma suna samun sauƙi da shi, shi ya sa a 2018 ƙwararru na duniya suka cire gwajin wannan magani daga hanyoyin rarrabe cututtukan biyu. Mutum ɗaya ma yana iya haɗa su. Gwajin jini kuwa ba ya raba gardama, balle a wajenmu da tsutsar ciki da tsargiya suke ɗaga adadin waɗannan ƙwayoyi a jini.

Abin da ke rabawa shi ne a zura kyamara ta baki a duba, sannan a tsinko nama. Wani lokaci likita yakan ga hanyar ta yi zobe-zobe kamar maƙogwaron rago, ko ta yi tsaga-tsaga a tsaye da fararen ɗigo. Wani lokaci kuma ya gan ta sumul, alhali cutar tana nan. Saboda haka ƙa'ida ita ce a tsinko aƙalla guda 6 daga sama da ƙasa, a duba a madubin ƙara girma. In an ƙirga ƙwayoyi 15 ko fiye a gani ɗaya, an kama hanya. Ruwan tsami ma yana jawo su, amma yawanci kaɗan, kuma can ƙasa kusa da tumbi. Ƙa'idar likitocin Birtaniya ta 2022 ta ce a dakatar da irin su omefirazol na aƙalla mako 3 kafin gwajin, don kada ya ɓoye cutar. Mu da muke sayar da shi ya kamata mu san wannan.

Za a ce wannan cutar Turawa ce, mu da muke fama da zazzaɓin cizon sauro. Na yarda a Turai da Amurka aka fi samun ta. Amma cutar da sai an tsinko nama ake gane ta, ba a cewa babu ita a inda ba a tsinkowa. Ko ma ba ita ba ce, wahalar haɗiya ba abin wasa ba ce: tana iya zama kansar hanyar abinci, musamman ga dattijo mai ramewa. Ko ta wace fuska, mai wahalar haɗiya wurinsa asibiti ne. Kuɗin da magidanci yake zubawa a kantina shekara da shekaru zai iya kai shi Asibitin Malam Aminu Kano a duba shi sau ɗaya yadda ya kamata.

In an gano wannan cuta ta borin jiki, tana da magani. Akwai omefirazol ɗin da kansa, akwai maganin kumburi irin na asma da ake haɗiyewa maimakon a shaƙa, akwai buɗe hanyar in ta ƙanƙance. Akwai kuma ƙaurace wa abincin da ke tayar da ita, kuma nan ne da wuya a wajenmu: madara ce kan gaba, sai alkama, sannan ƙwai, waken suya, gyaɗa da kifi. Wato fura da nono, burodi, taliya, gurasa, awara, ƙuli-ƙuli. Kada kowa ya yanke wa kansa waɗannan duka; likita ne zai fara da ɗaya ko biyu, ya sake dubawa.

Roƙona ga likitocinmu na Asibitin Rasheed Shekoni da na Tarayya da ke Birnin Kudu, da Ma'aikatar Lafiya ta Jigawa: duk mai wahalar haɗiya da aka tura gwajin kyamara, a rubuta a takardarsa a tsinko nama ko da an ga hanyar lafiya lau. 'Yan uwana masu kemis kuma, kafin mu miƙa kwalin maganin olsa, mu tambayi mutum ko loma tana tsaya masa, ko sai da ruwa yake haɗiya, ko ya bar cin nama. In ya ce e, mu tura shi. Musamman a Babbar Sallah, lokacin soyayyen nama: wanda tsoka ta tokare masa har yawu ya ƙi wucewa, kada a yi ta ɗura masa lemo ko ruwan kanwa, a kai shi asibiti a daren.