Ihun ƙarya da shirun gwaji: wanne ya fi tsada?

A watan Mayun 2018 aka ba da rahoton mutanen farko da ake zargin suna da kwalara a Guirviza da Doumo, a gundumar lafiya ta Mayo-Oulo, daf da iyakar Najeriya. Gwajin gaggawa ya nuna cutar, amma sai da aka kai samfuri cibiyar Pasteur ta Garwa kafin a tabbatar. Mai karatu zai iya tambaya: in gwajin farko ya isa, na biyun na mene ne? In kuwa bai isa ba, don me za a tayar wa jama'a hankali?

Kowane gwaji yana iya kuskure ta hanya biyu. Ko ya ce akwai cuta alhali babu, wato ihun ƙarya, ko ya ce lafiya lau alhali cutar na nan. Masana ƙididdiga biyu, Neyman da Pearson, su suka tsara wannan bayani a wajajen 1930, shi ya sa ake cewa kuskure iri na ɗaya da iri na biyu.

Ni dai da rariya nake yi wa ɗalibaina misali. Mai ƙananan ido takan riƙe gari mai kyau tare da tsaki, mai manyan ido kuma takan saki tsakuwa cikin gari. Ka matse ido don gudun wannan, ka faɗa wancan. Taura biyu ba ta taunuwa. A ce gwaji yana ihun ƙarya sau 5 cikin 100: ka gwada lafiyayyu 1,000, kusan 50 za su tsorata a banza.

Saboda haka abin dubawa shi ne kuskuren da ya fi ɓarna. A gaban alƙali, gara mai laifi ya kuɓuta da a hukunta mai gaskiya. A kwalara lissafin ya juya. Ihun ƙarya kuɗinsa ruwan gishiri da sukari, da wanke rijiya, da zaman asibiti na ɗan lokaci. Shirun gwaji kuwa, wallahi, kuɗinsa rai, don cutar kan ƙarar da ruwan jikin mutum cikin sa'o'i, ta kuma bi ruwan sha ta shiga unguwa.

Don haka nake roƙon iyaye: in ma'aikatan lafiya sun keɓe yaronku, daga baya sakamakon Garwa ya ce ba kwalara ba ce, kada a ce musu maƙaryata, kada kuma a ɓoye mara lafiya na gaba. Su ma ma'aikatan su riƙa faɗa wa mutane tun farko cewa gwajin gaggawa faɗakarwa ce, hukunci yana tafe. Wanda kuma aka ce ba a ga komai ba, amma gudawa ta ƙi tsayawa, ya koma asibiti a ranar, kar ya jira gobe.